Wace mota ce ke jure hanyoyin Dantchiao?

A Dantchiao, cikin gundumar Magaria ta jihar Damagaram, da abu uku ake auna ƙarkon mota: jure rairayi, samuwar kayan gyara, da bakaniken da ya san injinta. Toyota Hilux, da aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser sun fi ratsa yashi, musamman waɗanda tayoyinsu huɗu ke ja. Peugeot 504, da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta tsufa, amma gyaranta ba wuya. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, in sun lalace, sau da yawa sai an ja su zuwa Damagaram ko Kano. Shi ya sa direbobi ke shawartar bakanike kafin su sayi mota.