Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Karfasa Ta Baro Kogi Ta Shiga Tankin Siminti

A bazarar bara wani ƙanen abokina a Gagarawa ya kira ni da la'asar, muryarsa na rawa. Ya zuba 'ya'yan karfasa a tankin siminti guda biyu da ya gina kusa da rijiyar burtsatse, yana ba su abinci mafi tsada a kasuwa, irin wanda ake ba tarwaɗa. Sun yi wata uku suna girma lafiya. Sai ga su sun daina ci, suna taruwa a bakin famfo, wasu na kifewa. Ya ce mini, "Yaya, wallahi ban taɓa barin su da yunwa ba." Gaskiya ya faɗa. Abincin da ya wadata su da shi ne ya koma guba a cikin ruwan. Kafin a gane yadda hakan ke faruwa, sai an koma baya an ga yadda kifin kogi ya tsinci kansa a ƙasar gero da riɗi.

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, tsohuwar 'yar Afirka ce. Akwai hotonta a zanen kabarin Nebamun na ƙasar Masar, tana iyo a tafkin lambu, shekaru fiye da 3,000 da suka wuce. A ƙasar Hausa kuwa ba a san kiwonta ba, kamunta aka sani. Kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malala cikin fadamu har zuwa Nguru, kifi ya hayayyafa, masunta su kama, a yi banda. Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi, don haka kifin da ake ci a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar baƙo ne da ke zuwa a busashe. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 kuma ya ratsa ta Gagarawa, ya ƙara sauƙaƙa wannan safara.

Kiwon kifi na zamani a Arewa ya faro ne a Panyam ta ƙasar Filato, inda gwamnatin mulkin mallaka ta fara gina gonar kifi a 1951. A can, kamar a sauran gonakin Afirka na wancan zamani, an ci karo da halin karfasa: tana haihuwa tun tana ƙarama, tafki ya cika da 'ya'ya, babu wanda ya kai girman sayarwa. Wannan ya sa aka daɗe ana yi mata kallon kifin da ba ya biyan wahala. A irin waɗannan tafkunan ƙasa, abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, sai ɗan dusa da taki. Ruwa na da yawa, kifi kaɗan ne, don haka ƙazantar da yake fitarwa ba ta taruwa har ta yi illa.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, kogin ya ragu. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ja baya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Daga baya rikicin Boko Haram ya gurgunta kasuwar kifi ta Baga, musamman bayan harin watan Janairun 2015. Na biyu, an gyara karfasar kanta. Masana sun gano hanyar samar da 'ya'ya maza zalla, waɗanda ke girma ba tare da cika tafki da haihuwa ba. A 1988 kuma aka fara wani shirin zaɓen iri a Filifin mai suna GIFT, da karfasar da aka ɗebo daga Masar, Ghana, Kenya da Senegal, aka samu iri mai saurin girma. Kifin Afirka ya je Asiya ya zama babbar sana'a.

A Najeriya tarwaɗa ce ta fara cin kasuwa. Tana shaƙar iska daga sama, tana jure cunkoso da gurɓataccen ruwa, saboda haka ta dace da tankin siminti da na tamfol a bayan gida. Kamfanonin abincin kifi suka tsara buhunansu a kan buƙatarta, da furotin, wato sinadarin gina jiki, da ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100. Masu kiwo suka taso da ilimin tarwaɗa. Da wasunsu suka juya ga karfasa, sai suka ɗauko mata buhun tarwaɗa da cunkoson tarwaɗa, alhali halittarsu ba ɗaya ba ce.

Karfasa mai dogon hanji ce, mafi yawan cimarta tsirrai. Tana buƙatar furotin mai yawa tana 'yar ƙarama, amma idan ta tasa, kashi 28 zuwa 32 ya ishe ta. Jikin kifi ba ya ajiye rarar furotin. Hanta ce ke farfasa shi, ta ƙona wani ɓangare don samun ƙarfi, ta cire naitirojin ɗin da ke ciki, kifin ya fitar da shi a matsayin amoniya ta jajayen sassan gefen kansa da yake numfashi da su. Mutum yana mayar da nasa ya zama fitsari ya zubar a nesa. Kifi kuwa a cikin ruwan da yake zaune yake zubar da nasa.

Lissafin ba shi da wuya. Kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne. Kilo ɗaya na abinci mai kashi 32 yana ɗauke da giram 51 na naitirojin, mai kashi 42 kuma giram 67. Abin da kifi ke mayarwa tsoka bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk ruwa yake komawa. Idan karfasar ba ta buƙatar ƙarin nan, mai kiwo ya biya kuɗi mai yawa ya sayo wa tankinsa ƙarin guba ke nan.

Amoniya a ruwa kama biyu take ɗauka: ɗaya mai sauƙin illa, ɗaya mai kisa. Zafi da ma'aunin pH ne ke raba su. A zafin digiri 25, idan pH na kan 7, mai kisan ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 takan kai kusan kashi 5, a kan 9 kuma ta haura kashi 35. Ƙarin zafi na ƙara ta. Koren ruwa mai gansakuka yana ɗaga pH idan rana ta take, shi ya sa ruwan da ke lafiya da asuba zai iya zama masifa da la'asar. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan amoniyar waje ta yi yawa, ta jikin kifi ba ta iya fita, sai ta taru a jini, ta lalata sassan numfashi, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ko ba ta kashe ba, tana hana ci da girma, tana buɗe ƙofa ga cututtuka.

A tafkin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta da ke mayar da amoniya wani sinadari marar illa sosai, waɗanda masanin Rasha Sergei Winogradsky ya bayyana a 1890. Tankin da ake wanke wa tas ba ya tara su da yawa. Abin da ya rage wa mai shi shi ne sauya ruwa, kuma a Gagarawa kowace lita daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo ta da fetur ko sola. Mai kiwo a bakin kogi zai iya rufe kuskuren abinci da yawan ruwa. Na ƙasar Gumel ba shi da wannan gatan.

Tarihin abincin ma yana da darasi. Duniya ta daɗe tana dogaro da garin ƙananan kifayen tekun Peru, har kamun ya durƙushe a 1972, aka koma neman furotin daga tsirrai. A nan gida hankali yakan tafi ga ƙuli-ƙuli, gadon zamanin dalar gyaɗa. Yana da furotin sosai, amma ya gaza a tubala biyu da jiki ke gina tsoka da su, laisin da metiyonin. Idan tubali ɗaya ya yi ƙaranci, ginin yakan tsaya, sauran a ƙone su su zama amoniya. Waken suya na da laisin, ba shi da isasshen metiyonin. Tunkuzar riɗi kuwa akasin haka take. Haɗa su biyun ya fi kowannensu shi kaɗai, kuma riɗi amfanin gonar wannan yanki ne, wanda ake lodinsa a Maigatari da Gagarawa kowace kaka.

Ƙanen abokin nawa ya rasa kusan rabin tanki ɗaya. Wani malamin gona ya ba shi shawarar ya dakatar da abinci na kwana biyu, ya sauya ruwa kaɗan-kaɗan, ya rage yawan kifin, ya yi wa tankin rumfar zana, sannan ya koma buhu mai kashi 30. Ya kuma sayi 'yar kwalbar gwajin amoniya da ta pH, yana aunawa da la'asar maimakon da safe. Ruwan da yake zubarwa yanzu ya janyo shi zuwa wani ɗan fili da ya shuka alayyafo da yakuwa, tunda naitirojin ɗin da ke kashe karfasa shi ne dai wanda manomi ke saya a buhun takin yuriya. Tanki na biyu ya kai kasuwar Gumel kafin sanyin hunturu ya shigo.