Tarihin Tambulan Mai Launi Hawa-Hawa

Daga cikin al'adun da mutanen Turai da Amurka suka ƙawata zaman hirarsu da su, akwai wata wadda ko mutumin da shari'a ta haramta masa ɗanɗanar abin da ke cikinta, kamar yadda ta haramta wa kowane Musulmi, ba zai rasa tsayawa ya yi mamakin hikimar da ke ciki ba, watau zuba abin sha iri uku ko huɗu a tambulan guda, ja a ƙasa, rawaya a tsakiya, shuɗi a bisa, kowane launi ya zauna matsayinsa ba tare da ya ƙetare haddin ɗan'uwansa ba. A yau a ɗakin girki suke haɗa shi da barasar nan da ake kira vodka, alhali kuwa sana'ar ta riga vodka shiga mashayun Yammacin Turai da Amurka da shekaru masu yawa, kuma ilmin da ta dogara a kansa ya girme su duka biyu.

Ilmin nan shi ne na nauyin ruwaye, wanda hukama'u na Musulunci suka yi wa hidima ƙwarai, domin wajen shekara ta 1121 Miladiyya Al-Khazini ya wallafa Kitabu Mizanil Hikima a birnin Marwa, yana bin sawun Al-Biruni, ya auna ƙarafa da duwatsu da ruwaye, ya jera nauyin kowanne bisa gwargwadon girmansa. Lita ɗaya ta ruwa giram 1,000 ce, ta tsantsar barasa kimanin 790, ta vodka wajen 950, ruwan rumman kuwa da aka dafa da sukari har ya yi kauri yakan kai 1,200 ko ya wuce. Saboda haka mai haɗawa yakan fara da mafi nauyi, sa'an nan ya kifa cokali a jikin tambulan ya tsiyaya na biye a bayansa sannu a hankali, domin kada ƙarfin zubowa ya huda wanda ke ƙasa, sai mai sauƙin ya kwanta a bisa kamar yadda man gyaɗa ke kwanciya a kan miya. Shuɗin da ke sama ma da za a zuba shi shi kaɗai nutsewa zai yi saboda yawan sukarinsa, shi ya sa ake sirka shi da vodka tukuna don ya yi sauƙi.

Faransawa ne suka shahara da wannan ado a ƙarni na 19, suna shansa bayan cin abinci a bayan gahawa, daga nan ya ƙetara teku, har Jerry Thomas ya shigar da bayanin irinsa cikin littafinsa na haɗa abin sha da aka buga a New York a 1862. A zamanin nan barasar inabi ce ake ɗorawa a bisa, kuma aikin na gwanayen mashaya ne masu son a ga sanyin hannunsu.

Labarin vodka kuwa ya fi wannan tsawo, ya kuma fi shi nauyi a zuciya. Tukunyar nan mai murfi da bututu, wadda ake dafa abu a ciki tururinsa ya bi bututun ya huce ya ɗiga, Al-Kindi ya yi bayanin aiki da ita a Bagadaza a ƙarni na 9 domin fitar da turare da ruwan wardi, sa'an nan likitocin Italiya suka dafa ruwan inabi a cikinta suna neman magani, daga bisani mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda inabi ba ya yi musu, suka juya ta ga hatsinsu. An sami sunan abin a rubuce cikin takardun shari'a na Sandomierz a ƙasar Poland tun 1405. A Rasha sarakuna suka lura cewa talaka ba ya rabuwa da ita ko da yunwa ko da ƙoshi, sai suka mai da mashaya mallakar sarauta tun zamanin Ivan na Huɗu, ƙishirwar talakawa ta zama rijiyar baitulmali. A 1785 Tobias Lowitz ya gano a birnin Petersburg cewa gawayi yana tsotse ƙazanta da wari daga ruwaye, aka shiga tace ta da shi, a 1894 kuma wazirin kuɗi Sergei Witte ya fara mai da sayar da ita hannun hukuma kaɗai, har ya zamana gab da yaƙin 1914 fiye da rubu'in kuɗin shigar daular daga gare ta yake fitowa. Lalle ban san wani haraji da ya kai wannan zalunci ba, domin mai karɓarsa ba ya samun riba sai mai biyansa ya lalace, kuma ɓarnar ba ta gushe ba har shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev ya tashi yaƙi da ita a 1985.

Zuwanta Amurka ta hannun 'yan gudun hijira ne. Pyotr Smirnov ya kafa masana'antarsa a Mosko a 1864, juyin mulkin 1917 ya tarwatsa gidan, ɗansa Vladimir ya tsere, daga baya ya sayar wa Rudolph Kunett iznin amfani da sunan a Amurka, shi kuwa ya buɗe ƙaramar masana'anta a Bethel ta jihar Connecticut a 1934, kasuwa ta ƙi, ya sayar wa John Martin na kamfanin Heublein a 1939 a kan dala 14,000. Abin da Amurkawa suka raina da farko, watau rashin launi da ƙarancin ɗanɗano da wari, shi ne aka mayar abin talla, domin tana shiga lemo ko ruwan tumatir ba ta sauya kamanninsu, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ta wuce kowace barasa ciniki a ƙasar. A nan ne tsohon adon Faransawa ya sami abokiyar da ta dace da shi, ya fita daga hannun gwanaye ya shiga gidaje. A nan ne kuma damuwata take, domin zaƙi da launi sukan rufe ƙarfin abin da ke ciki, yaro ya ɗauka lemo yake sha har hankalinsa ya gushe.

Shuɗin nan na saman tambulan kuwa sunan tsibirin Curaçao yake ɗauke da shi, wanda Holandawa suka ƙwace daga Sifaniyawa a 1634 suka mai da shi zangon cinikin bayin da ake kwasowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Lemon da Sifaniyawa suka dasa a can ƙasar ba ta karɓe shi ba, ya fito da ɗacin da ba ya ciwuwa, sai aka tarar busasshen ɓawonsa yana da ƙanshi, aka riƙa jiƙa shi a barasa ana ƙara sukari. Abin da ke fitowa fari ne tas, shuɗin rini ne na masana'anta da ake ɗigawa daga baya.