Kuɗin asibiti da neman lamunin gida: inda bashin jinya ke ɓata wa mutum suna a banki

'Yan uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan da Lokpanta suna yawan tambaya: idan asibiti na bin mutum kuɗi a gida Maiduguri, zai hana shi samun lamunin gina gida? Amsar a taƙaice ita ce, bashin asibitin ba shi ne ya fi yin illa ba, rancen da aka ci don a biya asibitin shi ne matsalar.

Mene ne makin bashi?

A Najeriya kamfanoni 3 ne Babban Banki, CBN, ya ba lasisin adana tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar da ke kula da aikinsu an sa mata hannu a 2017. Bankuna, ƙananan bankuna da kamfanonin ba da rance suna aika musu bayanin wanda ya karɓa, nawa ya karɓa, da ko ya biya a kan lokaci. Daga nan ake fitar da maki. A CRC makin yana tsakanin 300 zuwa 850, kuma idan ya yi ƙasa, banki zai ja baya.

Ta ina kuɗin jinya ke shiga?

A Amurka asibiti kan miƙa bashi ga masu karɓo bashi, su kuma su kai sunan mutum rajista. Shi ya sa a 2023 manyan kamfanoninsu suka cire bashin jinya da bai kai dala 500 ba. Mu nan tsarin daban ne. Galibin asibitocinmu kuɗi hannu ne, sai ka biya kafin a yi aiki ko a sallami majinyaci, don haka ba kasafai bashin asibiti ke kaiwa rajista ba.

Amma ga yadda abin ke faruwa. A kira mutum da dare a ce tsohuwa na kwance ana neman kuɗin tiyata. Shanunsa na kan hanya daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri, ba a sayar ba tukuna. Sai ya danna manhajar rance a waya ya sa lambar BVN, kuɗi su shigo cikin minti kaɗan. Wannan rancen shi ake rubutawa. Idan wa'adi ya wuce bai biya ba, sunansa ya shiga, ko yana Legas ko yana Gamboru, domin BVN ɗaya ce a ko'ina. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire bashinsa daga wani asusunka na wani bankin.

A harkarmu ta shanu, na taso na ga ana ba da dabbobin miliyoyi a kan magana kawai, dillali ne shaida. Banki bai san wannan amanar ba. Abin da ke rubuce shi yake gani.

Lamunin gida

Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, an kafa shi a 1992, kuma bankin FMBN ke tafiyar da shi. Ma'aikaci na zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, mai sana'ar kansa ma zai iya shiga. Sai an zuba na aƙalla wata 6 kafin a nemi lamuni, kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, biya har zuwa shekara 30. Ana bi ne ta bankin lamunin gidaje, shi kuma zai duba tarihin bashinka. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya nufi Jaiz ko TAJ, su ma za su duba. Tsohon rancen dubu 50 da aka manta da shi ya isa ya tsayar da takarda.

Abin yi

Ka nemi rahoton bashinka tun kafin ka je banki. Doka ta ba ka damar karɓar ɗaya kyauta a shekara. Idan ka biya bashi, ka karɓi takardar shaidar kammala biya, ka tabbatar an gyara a rajista. Idan an rubuta maka abin da ba naka ba, ka kai ƙorafi a rubuce.

Kada ka ba wani BVN ɗinka ya ci rance, ko da ɗan uwa ne mai jinya. Idan jinya ta taso, fara magana da ofishin walwalar majinyata na asibitin a kan biya kaɗan-kaɗan, sannan a tuntuɓi dangi, ƙungiyar kasuwa ko Sarkin Hausawa kafin a taɓa manhaja.

Sai kuma inshorar lafiya. A Borno akwai BOSCHMA, a Legas akwai Ilera Eko. Yi wa iyaye rajista a gida ya fi sauƙi a kan rancen tsakar dare.