Daga Ɗakin Majiyyata zuwa Jami'a: Tarihin Manufofin Koyar da Aikin Jinya a Nijeriya

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin dalilin da ya sa aka ɗauko koyar da aikin jinya daga hannun asibiti aka kai shi jami'a, mu kuma duba irin ma'aikacin da aka yi niyyar yayewa. A ganinmu, duk tarihin ya rataya ne a kan tambaya guda: mai koyon jinya ɗalibi ne, ko kuwa ɗan aikin asibiti ne mai arha?

Tsarin da Turawan mulki suka kawo mana ya samo asali ne daga makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a Asibitin St. Thomas na Landan cikin 1860, bayan ta komo daga yaƙin Kirimiya. Abin da aka fi sa wa ido a can shi ne hali. Akan rubuta rahoton kowace ɗaliba game da gaskiyarta, da tsabtarta, da natsuwarta, da kiyaye lokaci. Ba ma raina wannan tarbiyya ko kaɗan, domin ita ce ta mai da jinya sana'ar mutunci. Sai dai da tsarin ya bazu, asibitoci da yawa suka gane cewa buɗe makaranta hanya ce ta samun hannuwan aiki ba tare da biyan cikakken albashi ba. Ɗaliba takan wuni tana gyaran gado da kwasar tasa, darasi kuwa sai in lokaci ya rage.

A Amurka aka fara kai sana'ar jami'a. Jami'ar Minnesota ta karɓi ɗaliban jinya a 1909. Cikin 1923 rahoton Josephine Goldmark ya nuna cewa duk inda bukatar asibiti ta yi karo da bukatar karatu, karatun ne ke shan kashi. A shekarar nan ce Jami'ar Yale ta buɗe makarantar jinya mai shugabarta da kasafin kuɗinta na kanta, da taimakon Gidauniyar Rockefeller. Kada a ɗauki zancen kuɗin nan ƙaramin abu, gama makarantar da ke ci daga aljihun asibiti ba ta da bakin hana a janye ɗalibarta daga aji.

A nan gida, an kafa Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Nijeriya a 1947, aka kuma buɗe makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Badun a 1952. Amma manyan muƙamai suna hannun sistoci Turawa. Ɗan ƙasa, wanda a Arewa galibi namiji ne, aikinsa bin umurni. Sai a 1964 Kofoworola Abeni Pratt, wadda ita ma a St. Thomas ta yi karatu, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya na asibitin Badun. Da samun mulkin kai, matsalar ta fito fili: in Turawa sun tafi, wa zai koyar, wa zai shugabanta?

Amsar wannan tambaya ita ce Sashen Jinya na Jami'ar Badun, wanda aka kafa a 1965 da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba 'yan makarantar sakandare ya fara ɗauka ba. Nas-nas ne masu rajista, waɗanda suka riga suka goge da aiki, ake ba su digiri domin su koma su zama malamai da masu gudanarwa, a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi. Watau manufar farko ita ce yaye masu yaye wasu. A ƙarƙashinta kuma akwai wata aƙida sabuwa: bai isa nas ya san yadda ake yin abu ba, sai ya san dalilinsa. Wanda ya karanta aikin gaɓoɓin jiki da ilmin magunguna da halayyar ɗan Adam, shi ne zai ga numfashin majiyyaci ya sauya cikin dare ya gane ma'anarsa, shi ne kuma zai iya ce wa likita, cikin ladabi, adadin maganin nan ya yi yawa. Biyayya ba ta gushe ba, amma an ɗora mata hankali da ɗaukar alhaki.

Jami'ar Ife ta ƙara gaba a 1973, ta shiga ɗaukar ɗalibai kai tsaye daga sakandare, tare da mai da hankali ga lafiyar jama'a a garuruwansu. Taron Alma-Ata na 1978, wanda ya fifita kiwon lafiya a matakin farko, ya ƙarfafa wannan ra'ayi: ana son nas mai zuwa ƙauye, mai rigakafi, mai wayar da kan uwaye, ba mai jiran a kawo masa mara lafiya kawai ba. A 1979 aka haɗe majalisar jinya da hukumar unguwarzoma wuri guda. Daga bisani jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suka buɗe nasu sassan, digirin kuma ya zama na shekara 5.

Daga cikin manufofin nan, ta yaye malamai da shugabanni ta cika. Ta ƙauye ce muke shakka. Digirin da aka tsara domin ya kai ƙwararru karkara shi ne ya fi sauƙaƙa musu hanyar Ingila da Amurka, mu kuwa ba mu ga laifin wanda ya gudu daga ƙaramin albashi da asibitin da babu safar hannu ba. A Fabrairun 2024 majalisar ta fito da ƙa'idar cewa sai nas ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance masa takardun fita waje, ma'aikatan jinya kuwa suka fito zanga-zanga a Abuja da Ikko. Waɗanda suka tsara shirin 1965 sun yi tanadin wanda zai gaji sistar Bature. Ba su yi tanadin ranar da asibitocin Landan za su zo neman ɗalibansu ba.