Malam Maman Barka: mushen da ya koma ɗalibi don biram

A wata makaranta da na koyar a yankin Kalfu, wani yaro ya taɓa zuwa aji da gurmin da ya haɗa da gwangwani da igiyar birkin keke. Ya kaɗa mana lokacin hutu, har na tsaya ina saurare. Washegari ya zo hannu rabbana. Mahaifinsa ya taka gurmin, ya ce a gidansu ba a haifi maroƙi ba. Ban ce wa dattijon komai ba, kuma shirun nan yana damuna har yau. Shi ya sa nake son iyaye da ƴan uwana malamai mu tuna da Malam Maman Barka.

An haife shi a Teskar, gabashin Nijar, ƙarshen shekarun 1950, cikin Tubawa makiyaya. Ya yi lakwal, ya zama mushe kamar mu, da alli da allo. Wannan "Malam" da ke gaban sunansa a aji ya samo shi. Gurmi ne ya fitar da shi, ya yi ta waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasa, har sunansa ya tsallaka Najeriya. Daga baya ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya faru ne a 2002. Mutum ya riga ya yi suna, ya haura shekara arba'in, sai ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Chadi ya durƙusa gaban wani tsoho, Bukar Tar, yana koyo daga farko. Abin da ya je nema biram ne, kayan kiɗan Buduma masunta, mai tsirkiya biyar, da jiki kamar kwalekwale. Buduma ba su ɗauke shi abin wasa ba, suna danganta shi da aljanin tafkin. Amma samarinsu sun juya masa baya, har aka wayi gari Bukar Tar ake kirgawa gwani na ƙarshe.

Ku duba bambancin. Bature mai kaɗa piyano idan ya mutu, ya bar takardu, ɗalibin da bai taɓa ganinsa ba zai buɗe ya kaɗa. Biram ba shi da takarda ko ɗaya. Yana cikin yatsun tsohon ne da kunnensa, ranar da aka rufe shi an rufe da shi. Shi kuwa wanda ya zo karɓa ba Buduma ba ne, Batube ne ɗan rairayi. Tsohon bai duba wannan ba, ya koya masa, ya kuma damƙa masa biram.

Barka ya ɗauki abin ya fita da shi duniya tare da makaɗinsa Umaru Adamu. Sun hau dandalin WOMAD a Ingila a 2008, faifansu ya fito a 2009. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansa.

Mu a Adar ba sai mun je Diffa neman misali ba. Tawa ce ke karɓar gasar Dan Gurmu, wadda aka sa wa sunan gwanin gogenmu. Muna cika fili mu tafa, sannan mu koma gida mu hana ƴaƴanmu taɓa goge. Na san tsoron iyaye, kuma ba na raina shi: suna gudun roƙo da yawon banza da barin karatu. Sai dai Barka bai bar karatu ba, karatun ne ma ya ba shi ƙafar zuwa neman tallafi da zama gaban baƙi.

Yaron nan nawa yanzu ya girma, yana cirani a Abidjan. Da ya zo gida bara na tambaye shi ko yana kaɗawa. Dariya ya yi, ya ce, "Mushe, ai tun ranar ban sake ba."