Daga Askar Wanzami Zuwa Horar da Harshe: Larurar Magana da Haɗiya a Birnin Kano

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, Bahaushen cikin ganuwa ya lura cewa magana da haɗiya hanyarsu ɗaya ce, wato baki da maƙogwaro. Saboda haka ya damƙa su duka a hannun mutum guda, shi ne wanzami, wanda sana'arsa ke ƙarƙashin Sarkin Aska.

A fahimtar wanzami, duk abin da ya hana abinci wucewa, ko ya hana kalma fita, to wata tsoka ce ta tare hanya, maganinta kuwa aska. Da wannan hujja ake cire wa jariri beli cikin makonsa na farko, don kada ya yi girma ya hana shi kama nono. Yaron da ya yi jinkirin magana kuwa, sai a ɗaga harshensa a duba ko yana da linzami, a yanke. A nan ya kamata a yi wa wanzami adalci, domin linzami larura ce ta haƙiƙa, likitoci ma kan yanke shi idan ya tsananta. Amma beli ba cuta ba ne. Yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, cire shi kuma kan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Mai in'ina ba shi da abin da za a yanka, don haka wurin malam ake kai shi, a yi masa rubutun sha, galibi na addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha.

Asibitin birni da aka buɗe daura da Ƙofar Mata a ƙarshen shekarun 1920, wanda ake kira Asibitin Murtala Muhammad a yau, ya kawo likita, amma bai zo da mai horar da harshe ba. A lokacin sana'ar kanta jaririya ce, domin a 1925 masu ita suka kafa ƙungiyarsu a Amurka, a Ingila kuwa sai 1945.

Inda wannan sana'a ta sha bamban da wanzanci shi ne, horo take yi ba yanka ba. Alal misali, dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, ruwa na sarƙe shi, ciwonsa a ƙwaƙwalwa yake. Irinsa zaunar da shi ake yi sosai, a ƙara wa kununsa kauri in an ga ya dace, a riƙa maimaita masa kalmomi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har tsawon watanni.