Hatimin Alkashinawi: Daga Zauren Alƙahira zuwa Taron Jos

A shekarun 1730, daidai lokacin da Malam Yunus ke aza harsashin sarautar Damagaram, wani Bakatsine mai suna Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi ya yi nisa a ƙasashen gabas. Ya sauke farali, sa'an nan ya yada zango a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda zaurensa ya kasance matattarar masana falaki da hisabi. A wancan zamani, irin wannan zaure shi ne taron ƙara wa juna sani: a buɗe littafi, a kawo mas'ala, a yi ta jayayya har hujja ta tsaya. A gidan nan Alkashinawi ya rasu a 1741, kuma ɗan mai gidan, masanin tarihi Abdurrahman Aljabarti, ya adana labarinsa.

Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan ilimin aufaƙi, wato abin da Bahaushe ke kira hatimi. Yau da an ambaci hatimi sai hankali ya tafi ga laya da tsibbu, kuma ba a musun cewa shi ma malamin ya ɗauki abin da wannan fuska. Sai dai ƙarƙashin asirin akwai lissafi tsantsa. A hatimi mai gida tara, ana jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Mai gida 25 kuwa jimillarsa 65 ce. Alkashinawi ya bayyana ƙa'idojin cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, kamar 3 da 5 da 7, ba tare da lalube ba.

A nan ne aikin ya haɗu da aljabara ta zamani. Hatimi mai gida tara guda ɗaya ne tak. Fuskoki takwas da ake ganinsa da su juyi ne da birkitawa, kuma waɗannan motsi takwas na murabba'i suna cikin misalan farko da ake koya wa ɗalibin jami'a a nazarin rukuni. Da gidaje suka ƙaru, sai ƙirgar ta gagara: mai gida 16 yana da iri 880, mai gida 25 kuwa sai a 1973 kwamfuta ta tabbatar da 275,305,224.

A wannan shekarar ce Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da Alkashinawi ga masu karatun Turanci cikin littafinta kan lissafin Afirka. Masana na nahiyar sun ɗan makara. Sun kafa ƙungiyarsu a babban taron Rabat na 1976, ƙarƙashin Henri Hogbe Nlend na Kamaru, hankalinsu duk yana kan binciken zamani. Sai a taro na biyu, a Jos cikin 1986, inda Aderemi Kuku ya karɓi shugabanci, aka kafa kwamitin tarihin lissafi a Afirka, aka ɗora Paulus Gerdes na Mozambik a kansa. Tsakanin rasuwar Bakatsinen da wannan zama, shekara 245 ce.